Agogo da kintace: jarrabawar da ke tsakanin ɗan Kurya Madaro da karatun kasuwanci

Yaron da ya gama sakandare a Kurya Madaro, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙauran Namoda, yake sha'awar karanta akanta ko aikin banki ko gudanar da kasuwanci, ba sai ya yi doguwar tafiya neman makaranta ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan Ƙaura tun 1983, tana koyar da waɗannan fannoni. In jami'a yake so, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gusau a 2013, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya. Sai dai duk inda ya nufa, ƙofa ɗaya ce: jarrabawar hukumar JAMB. Tambayoyi 180 ne, lokaci kuma minti 120. In ka raba, kowace tambaya ta tashi da daƙiƙa 40. A cikin daƙiƙa 40 ɗin nan ne zai karanta tambayar da Turanci, ya fahimce ta, ya duba amsoshi huɗu da aka jera masa, ya zaɓi ɗaya, ya danna.

Malamai sun fi ba da ƙarfi wajen koyar da darasin, kuma haka ya dace. Amma akwai wani ilimi na daban da ba kasafai ake zama a koya wa yaro ba, wato yadda zai kashe mintunan nan, da abin da zai yi idan ya ci karo da tambayar da bai sani ba. Wannan ilimin yana da lissafinsa, kuma makin da ake asara saboda rashinsa ba kaɗan ba ne.

Agogon yana fara gudu tun daga gida

An kafa JAMB a 1978. Ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya. Tun daga lokacin, ba a makarantar ɗalibi ake yin jarrabawar ba, sai a cibiyoyin da hukumar ta amince da su, waɗanda galibi suna manyan garuruwa, inda ake da kwamfutoci da janareto da intanet. Ga ɗan Kurya Madaro ko na Zurmi ko na Shinkafi, wannan yana nufin hawa hanya, kuma kowa a arewacin Zamfara ya san halin da hanyoyin nan suke ciki. 'Yan bindiga sun mai da tafiyar asuba da ta bayan magariba abin da mai hankali ke gudu. A jarrabawar 2025, wadda aka fara ranar 24 ga Afrilu, an ce masu zaman farko su hallara ƙarfe 6:30 na safe domin a tantance su ta dangwala yatsa. An yi ta surutu a kan haka a duk faɗin ƙasar, hukumar ta ce ai jarrabawar kanta sai ƙarfe 8 take farawa. Ga mutumin Legas, wannan gardama ce ta sammako. Ga na ƙauyukan Ƙaura, magana ce ta inda yaro zai kwana, da kuɗin mota, da wanda zai raka yarinya.

Shi ya sa shawarar farko ba ta da alaƙa da littafi. A fitar da silif ɗin jarrabawa da wuri, a je garin tun ana gobe jarrabawa, a ga cibiyar da ido, a kwana kusa. Yaron da ya shiga ɗakin jarrabawa a gajiye, cikin zafin Afrilu, zuciyarsa na bugawa saboda ya kusa makara, ya riga ya zubar da minti goma na farko kafin hankalinsa ya dawo jikinsa.

Ga kuma gibin da aka daɗe ana tarawa. A Satumbar 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun, an rufe makarantun jihar, an kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Yaran da ke ƙananan azuzuwan sakandare a lokacin su ne suka zo gaban kwamfutar JAMB a 'yan shekarun nan. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2023, amma karatun da ya wuce yaro ba ya dawowa da sanarwa. Saboda haka yaronmu zai tarar da tambayoyin da bai taɓa jin labarinsu ba, babu makawa. Abin tambaya shi ne me zai yi da su.

Lissafin kintace

Akwai jita-jitar da ta daɗe tana yawo a tsakanin ɗalibai, wai idan ka zaɓi amsar da ba daidai ba za a zabge maka maki, don haka gara ka bar wurin fayau. A jarrabawar JAMB ba haka ba ne. Wanda ya faɗi amsa da wanda ya bar ta babu komai duk sifili suke samu. Bambancinsu shi ne na farkon yana da damar dacewa, na biyun kuwa ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa.

Amsoshi huɗu ne, A zuwa D. Wanda ya rufe ido ya danna, a matsakaici zai dace da ɗaya cikin huɗu. A ce lokaci ya ƙure wa yaro saura tambayoyi 40 bai taɓa ba. In ya bar su, ya tashi a tutar babu. In ya bi su da sauri ya danna wa kowace harafi, ana sa ran 10 za su faɗa daidai. Jarrabawar maki 400 ce, kowane darasi 100. Turanci tambaya 60 ne, sauran darussa uku kowanne 40, don haka in aka raba makin daidai-wa-daida, kowace tambayar Lissafi ko Tattalin Arziki tana ɗauke da maki biyu da rabi. Goma ɗin nan kenan sun zama maki 25, a aikin da bai kai minti biyu ba.

Maki 25 ba abin wasa ba ne. A sakamakon farko da JAMB ta fitar na 2025, cikin mutum wajen miliyan 1.95 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, kuma kusan rabin dukkan ɗaliban, wato kimanin 983,000, sun cunkushe ne tsakanin 160 da 199. A irin wannan cunkoso, maki 25 yana tsallakar da yaro gaban dubban ɗaruruwan 'yan uwansa. A shekarar, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a 150 ne, na kwalejojin fasaha kuma 100. A nan akwai abin da ya kamata hukumomi su ji kunyarsa: maki 100 cikin 400 shi ne daidai abin da ake sa ran wanda bai karanta ko tambaya ɗaya ba zai samu, in dai ya danna wa kowace harafi. To amma wannan ƙasan layi ne kawai. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kuma sassan da ake rububi irin su akanta sukan nemi fiye da haka.

Kintacen ido rufe shi ne na ƙarshe, na wanda wuri ya ƙure masa. Wanda ya fi shi daraja shi ne na tankaɗe. Sau da yawa yaro bai san amsa ba, amma ya san abin da ba zai yiwu ya zama amsa ba. An tambaye shi ribar da ɗan kasuwa ya ci, cikin zaɓin akwai adadin da ya fi kuɗin da aka sayar da kayan gaba ɗaya: wannan ya fita. Wani kuma ya yi ƙanƙantar da hankali ba zai ɗauka ba: shi ma ya fita. Saura biyu, damar dacewa ta tashi daga ɗaya cikin huɗu zuwa rabi. A Lissafi akwai ƙarin dabara: maimakon warware tambayar daga tushe, a ɗauki amsoshin ɗaya bayan ɗaya a saka a gani wanne ya zauna. Wannan ba maguɗi ba ne, aiki ne da ɗan abin da aka sani.

Na san akwai yaran da zuciyarsu ba ta kwanta da kintace ba, suna ganinsa kamar ɗan uwan caca, ko kamar faɗin abin da ba ka da ilimi a kai. Tarbiyya ce mai kyau a muhallinta, domin an raine mu a kan cewa wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Amma a ganina ɗakin jarrabawa ba muhallinta ba ne. Ba ka zuba kuɗi don cinye na wani ba, ba fatawa kake bayarwa ba, ba shaida kake yi a gaban alƙali ba. Waɗanda suka tsara jarrabawar sun san za a kintata, sun kuma saka hakan cikin lissafinsu.

Jita-jitar zabge maki tana da asali, domin akwai jarrabawoyin da ke yin haka. A Indiya, jarrabawar CAT ta shiga manyan makarantun kasuwanci tana ba da maki 3 ga amsar daidai, ta cire 1 ga kuskure a tambayoyin zaɓi. Ko a can ma, in ka yi lissafi, mai kintacen ido rufe cikin zaɓi huɗu ba ya riba ba ya asara a matsakaici, wanda ya iya fitar da zaɓi ɗaya kuwa riba yake ci. Jarrabawar SAT ta Amurka ta daɗe tana cire rubu'in maki, ta daina a 2016. Ƙasar Chile ta daina nata a 2015, kuma masu bincike biyu, Katherine Coffman da David Klinowski, da suka bi sakamakon, sun gano cewa a da mata sun fi maza barin tambaya babu amsa, da aka cire hukuncin sai tazarar da ke tsakaninsu ta ragu. Malaman makarantun 'yan mata na yankinmu su riƙe wannan. Yarinyar da aka horar da kawaici da gudun kuskure tana bukatar a faɗa mata baki da baki cewa a wannan ɗakin kada ta bar gurbi ko ɗaya.

Yadda ake raba minti 120

Daƙiƙa 40 matsakaici ne, ba doka ba. Tambayar ma'anar kalma a Turanci, ko ta littafin da aka ɗora wa ɗalibai, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli a shekarun baya ko The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba a 2025, daƙiƙa 15 ta ishe ta: ko ka karanta ko ba ka karanta ba, zura wa allo ido ba zai kawo amsar ba. Tambayar Lissafi kuwa tana iya cin minti ɗaya da rabi. Mai neman karatun kasuwanci yawanci yana ɗaukar Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki, da na huɗu irin su Kasuwanci ko Gwamnati. Rabon da nake ganin ya dace da mafi yawan yara shi ne minti 30 ga Turanci, 22 ga Tattalin Arziki, 20 ga darasi na huɗu, 38 ga Lissafi, a ajiye 10 na ƙarshe don cike gurabe. Kowa zai gyara gwargwadon ƙarfinsa. Abin da ba a so shi ne a shiga babu rabon ko kaɗan.

Ba a barin ɗalibi ya shiga da agogon hannu, na kan allon kwamfutar ne kawai, yana ƙirga saura. Kwamfutar tana bari a fara da darasin da aka ga dama, a tsallake tambaya, a dawo mata. Wanda hannunsa bai saba da linzamin kwamfuta ba yana iya aiki da madannai kaɗai: A, B, C, D don amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Yaron da ya san wannan tun daga gida ya tsira da mintuna masu yawa.

Tsarin da ya fi amfani shi ne zagaye. A na farko a kwashe duk abin da aka sani nan take. Tambayar da ta yi gardama, a danna mata harafin da ya fi kusa da zuciya a wuce, don ko lokaci ya yanke tana da amsa. A na biyu a dawo kan waɗanda ake ganin za su warware in an ba su minti ɗaya. Waɗanda ba a taɓa jin labarinsu ba, a bar su a kan harafin da aka ba su.

Wurin da yara masu ƙoƙari suka fi faɗuwa shi ne tambayar da suka kusa sani. Ya ci minti biyu a kanta, sai zuciya ta ce masa ai ba zai yi asarar minti biyun nan a banza ba, ya ƙara uku. Garin neman gira ya rasa ido, domin minti biyar ɗin nan kuɗin tambayoyi bakwai ne, wataƙila biyar daga cikinsu masu sauƙi suna can ƙarshe suna jiransa. Mai tumatir a kasuwar Shinkafi ya fi shi sanin wannan: in la'asar ta yi sanyi, ba ya tsayawa lissafin nawa ya saro kwandon, abin da zai iya samu kafin magariba yake dubawa, ya karya farashi ya sallama. A ajin tattalin arziki, wannan na cikin abubuwan farko da za a koya wa yaron in ya samu shiga, cewa kuɗin da ya riga ya tafi ba ya shiga shawarar gaba. Jarrabawar tana gwada shi a kan darasin tun kafin a koya masa.

Sai batun canza amsa. An saba cewa abin da ya fara zo maka shi ne daidai, kada ka taɓa. A 2005 Justin Kruger da Derrick Wirtz da Dale Miller sun wallafa binciken da suka yi a kan takardun ɗalibai sama da 1,500 na Jami'ar Illinois, suna bin sawun gogewar da aka yi da magogi. Kimanin rabin canje-canjen daga kuskure ne zuwa daidai, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai daga daidai zuwa kuskure. Abin da ke ruɗin mutane shi ne zafin amsar da ka canza ka faɗi ya fi zama a rai. Idan ka dawo ka ga dalili, canza. Idan fargaba ce kawai, bari.

In tafiya ta yi nisa

Wanda ya fara da ƙaramar difloma a Ƙaura yana iya yin babbar difloma, ya bi ta diflomar gaba da digiri, ya nemi digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, wato MBA. Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero, wadda aka buɗe gininta a 2018, da ta Ahmadu Bello, suna cikin na kusa. In kuwa ya hango Makarantar Kasuwanci ta Legas, ko na Ingila da Amurka da Faransa, zai ji sunan GMAT, jarrabawar da aka fara a Amurka a 1954, wadda ta koma kan kwamfuta a 1997.

Sabon tsarinta, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2023, awa biyu ne da minti 15, tambayoyi 64, kashi uku, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja 23, nazarin alƙaluma da jadawali 20. Maki daga 205 ne zuwa 805. Wajen minti biyu kenan ga kowace tambaya, wanda ɗan JAMB zai ji kamar an ba shi duniya. Ba a ba shi ba. Dabarar zagayen da ta cece shi a baya, a nan ba ta aiki, domin kwamfutar tana auna shi ne yana tafiya: ya ci, ta miƙo mai wuya, ya faɗi, ta sassauta. Ba ta barin a tsallake tambaya, sai an amsa ake ganin ta gaba. Ana iya yi wa tambaya alama, in lokaci ya rage a ƙarshen kashin a dawo, amma amsa uku kacal aka yarda a canza. Wanda kuma agogo ya yanke masa da sauran tambayoyi, hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta faɗa a fili cewa makinsa zai ragu saboda haka.

Ma'ana, an ƙera jarrabawar ne yadda kowa, komai ƙwazonsa, sai ta kai shi inda ƙarfinsa ya ƙare. Ɗalibin da ya saba zama na ɗaya a aji, wanda bai taɓa miƙa takarda da tambayar da ta gagare shi ba, shi ya fi shan wahalarta. Dole ya shiga da niyyar cewa akwai tambayoyi biyu ko uku a kowane kashi da zai tankaɗe zaɓinsu ya danna ya wuce cikin rabin minti. Akwai kuma tsohuwar magana wai tambayoyi goma na farko su ne komai, a zuba musu lokaci. Masu jarrabawar sun sha musanta wannan, kuma wanda ya bi ta yakan ƙare da kintace biyar ko shida a jere a ƙarshe, abin da ya fi kuskure ɗaya-ɗaya a warwatse illa. Maimakon kallon agogo bayan kowace tambaya, gara a kafa alamomi: a kashin lissafi, in saura minti 30 a ce an gama 7, in saura 15 an gama 14. In an ga an makara, a sadaukar da tambaya mai wuya ta gaba a dawo kan layi.

Kuɗin zama GMAT ya haura dala 200, cibiyoyinta suna Legas da Abuja, mai son yi daga gida kuma sai ya tanadi wuta da intanet da ba za su yanke ba na sama da awa biyu. A Kurya Madaro wannan sharaɗin kaɗai ya isa ya sa mutum ya nufi Abuja.

Abin da dabara ba ta iya gyarawa

Kada a ɗora wa yaro laifin komai. Ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Babu rabon mintunan da zai kare ɗalibi daga irin wannan. Haka nan kintace ba ya mai da 160 ya zama 280. Abin da yake yi shi ne hana yaron da iliminsa ya kai 190 fitowa da 165.

Kuma ba a koyon rabon lokaci da kintace da jin bayani. Sai an zauna an yi, da agogo, sau da yawa, har jiki ya san tsawon daƙiƙa 40 ba tare da an duba ba. Wannan ba ya bukatar kwamfuta. Malami ɗaya, da agogon bango, da littafin tsofaffin tambayoyi, da safiyar Asabar, sun isa: a ba yara tambaya 40 a minti 25, in lokaci ya cika a karɓe takardu ko ana tsakiyar rubutu, sannan a ƙirga wa kowa guraben da ya bari fayau kafin ma a duba wanda ya ci. Sabo da madannai kuwa, JAMB tana shirya jarrabawar gwaji makonni kaɗan kafin ta gaske, ga wanda ya nuna yana so tun lokacin rajista. Ba dole ba ce, tana da ƙarin kuɗi, kuma tana nufin a sake hawa hanya, don haka iyaye da yawa za su ga kamar ɓarnar kuɗi ce. Ga yaron birni da ya tashi da kwamfuta a gida, wataƙila haka ne. Ga wanda bai taɓa zama gaban allo yana kallon lokacinsa na raguwa ba, in har akwai halin kuɗin mota da wurin kwana, a biya masa ya je.